Fawa saflai na kyauta da ya zo da akwatin kwamfuta: in jona shi ko in bari?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa kwamfutar gida da zan riƙa buga gem a kanta, ta kuma riƙa tura finafinai zuwa talabijin da wayoyin iyalina. Na sayi furosesa Core i5-12400 da katin hoto RTX 4060, kuɗin da na daɗe ina tarawa kusan duk sun tafi a kansu. Akwatin da na saya ya zo da fawa saflai a ciki, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, an rubuta wat 800 a jikinsa, mai haɗa min ya ce ya isa har ya yi yawa. Amma hankalina bai kwanta ba, don kwamfutar abokina mai irin wannan fawa tana mutuwa da kanta in gem ya ɗau zafi, kwanan baya har ƙaurin ƙonewa ta yi. In kayan nan suka ƙone ba ni da halin sayen wasu. Yaya zan yi? Kuma zaɓina ya yi daidai?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da ka tambaya kafin ka kunna. Kada ka jona katinka da fawan nan tukuna.

Zaɓinka bai da laifi. Ka yi dace da ba ka ɗauko 12400F ba, don mai F ɗin ba shi da sashen hoto a cikinsa, naka kuwa yana da Quick Sync, wanda manhajojin tura fim irin Jellyfin ko Plex za su dogara da shi wurin juya fim ya dace da waya ko talabijin, katin hoton kuma yana can yana fama da gem. Jellyfin kyauta yake yin haka, Plex sai ka biya. Ka dai duba BIOS, wato saitin madabod (babban allon da ake jona duk kayan a kansa), wasu madabod suna kashe sashen hoton furosesa da zarar sun ga an sa kati. RAM gigabait 16 a sanda biyu, ka tabbata ko madabod ɗinka DDR4 yake ci ko DDR5, ba sa shiga ramin juna. SSD don Windows da gem, hadis babba don finafinai. RTX 4060 da gigabait 8 ɗinsa gwani ne a 1080p, kada ka matsa masa sai ya yi 4K a sababbin gem. Wayar HDMI a jikin katin za ka sa ta, intanet kuma ka ja waya in da hali.

To, mu zo kan wat 800 ɗin nan, abin da kullum nake fama da mutane a kansa. An ɗauka lambar da aka buga da manyan haruffa a jikin fawa ita ce ƙarfinsa. Kowa na iya buga lamba a sitika. Ka juya gefensa, akwai ɗan jadawali da ƙananan rubutu, ka nemi layin +12V ka ga amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Furosesa da katin hoto duk daga layin nan suke shan wuta. Fawan gaskiya mai wat 550 za ka ga amfiya 45 ko kusa da haka, wato wat 540. In naka ya nuna amfiya 20, to wat 240 ke hannunka, sauran an tattaro su ne daga layukan 3.3V da 5V da kwamfutar zamani ba ta cika buƙata ba, ko kuma an rubuta ƙarfin da zai iya kaiwa na ƙiftawar ido kafin ya sare. Wani ma jadawalin kansa ƙarya ne.

Yi lissafin buƙatarka. Katinka wat 115 yake ci. Furosesan yana kaiwa 117 in an takura masa. Madabod, RAM, fankoki da hadis, ka ba su kamar 50. Ba ka kai 300 ba. Nvidia kansu, masu RTX ɗin, fawa mai wat 550 suka ba da shawara ga katin nan. Ke nan 550 ko 650 na ƙwarai ya ishe ka da rara, shi kuwa 800 na bogi yana iya gazawa.

Gazawar ce abin tsoro. Fawa mai kyau yana da masu gadi a ciki: in wuta ta haura ƙa'ida, ko an ja fiye da ƙarfinsa, ko waya ta taɓa waya, ko ya yi zafi fiye da kima, sai ya yanke wutar ya mutu shi kaɗai. Na arha waɗannan ne abin da ake fara cirewa don a rage kuɗi. Ranar da zai mutu sai ya saki wuta mara kan gado ta bi madabod, ta bi katin, ta bi hadis ɗin da ka tara finafinai da hotunan iyali. Ka sayi doki mai tsada, sannan ka ɗaure shi da ruɓaɓɓiyar igiya? Kwamfutarka ma tunda za ta riƙa tura fim, kusan dare da rana za ta kwana a kunne, har lokacin da kowa ke barci.

Masu cewa "ai na sa wa mutane da yawa, ba abin da ya faru" su ne suka fi ba ni haushi. Kwamfutar da aikinta rubuta wasiƙa ba ta jan komai, ko wane tarkace zai riƙe ta. Katin gem kuwa yana fizgar wuta farat ɗaya, fiye da abin da aka rubuta masa, na ɗan lokacin da ido ba ya gani. Saboda irin wannan fizga ne ƙa'idar ATX 3.0 ta 2022 ta shar'anta wa fawa ya jure ta. Mai haɗa maka ya gwada da gem na awa biyu, ko tambarin Windows kawai ya gani ya ce lafiya lau?

Kada kuma sitikar 80 Plus ta ruɗe ka. Tsarin ya fara a 2004, abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi: kashi 80 cikin 100 aƙalla, Bronze da Gold sun ɗara haka. Bai ce komai kan masu gadin nan ba, ita ma sitikar ana buga ta bogi. Ka ɗauki cikakkiyar lambar samfurin ka nema a shafin 80 Plus, ka kuma nemi gwajin masu zaman kansu irin Cybenetics. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, kamfani ɗaya kan fitar da mai kyau da mara kyau. Garantin shekara 5 zuwa sama alama ce mai kyau. In ka ɗaga shi ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki, ajiye shi.

In fawan ba shi da wayar kati mai baki 8, za a ce maka "akwai adafta". Ka ƙi. Bakin SATA, wato wayar wutar hadis da ake jona adaftar da ita, wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin 12V, mai baki 8 kuwa har 150, robar narkewa take yi. Haka in ka sayi fawa mai wayoyin cirewa, nasa kaɗai za ka sa. Na wani kamfanin zai shiga ramin daram, amma jerin wayoyin ciki ya bambanta, hadis da yawa sun ƙone ta haka.

Abokinka kuwa ka gaya masa yau ya zare ta daga soket, tunda har ƙauri ya fito. Ya canza fawan gaba ɗaya, ya duba bakin wayoyin ko sun yi baƙi. Kada ya kwance murfin fawan don leƙawa, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi daga bango.