Rumbun bayanai ya tsaya, rajista kuma ta yi gum

Tambaya: Malam, ni ke kula da kwamfutar wani kantin magani a kusa da Terminus, nan Jos. Rumbun bayanai na PostgreSQL muke amfani da shi a kan Ubuntu Linux. Sau biyu ke nan yana tsayawa bayan an ɗauke wuta an tada janareta, na duba ban ga inda ya rubuta dalili ba. Yaya zan saita shi ya riƙa ajiye kurakuran fayil?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka taɓa komai leƙa /var/log/postgresql. A nan Ubuntu ke zuba rajistar, wato fayil ɗin da rumbun ke rubuta abin da ya faru, ko ba ka saita ba. In ka tarar ta katse daidai lokacin da abin ya faru, to faifan nake zargi: ko ya cika, ko yana ciwo. Yawanci faifai ɗaya ne ke ɗauke da bayanai da rajista, ranar da ya kasa rubuta ɗaya ba zai rubuta ɗayan ba. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ajiye littafin bashi cikin shago, gobara ta zo ta cinye kaya da littafin.

Don haka raba su tukuna. Buɗe fayil ɗin saitin rumbun, postgresql.conf, ka mai da logging_collector zuwa on, ka nuna wa log_directory wani faifai dabam, ko da tsohon ƙarami ne da ke kwance a durowa. Ka tabbata mai amfani postgres ne ke da ikon wurin, in ba haka ba rumbun zai ƙi tashi. Wannan saitin sai an kashe rumbun an sake kunnawa, ka bari sai an rufe kanti.

Sai log_line_prefix, wanda na fi ba muhimmanci. Sa %m don lokaci, %p don lambar aiki, %e don lambar kuskure. Lambar kuskuren nan ce ke rage wahala: 53100 faifai ya cika, 58030 karatu ko rubutu ya gagara, 58P01 ba a ga fayil ba, XX001 bayanai sun lalace. Ka duba log_timezone yana kan Africa/Lagos, kada mai kanti ya ce ƙarfe uku aka ɗauke wuta rajista ta ce biyu.

Kada rajistar kanta ta cika maka wuri: log_filename ya zama postgresql-%a.log, log_truncate_on_rotation ya zama on. Fayil bakwai ke nan, kowace rana tana shafe takwararta ta makon jiya. Matakan debug kuwa ƙyale su, surutu ne kawai.

In ka ga PANIC a rajista tare da fsync, wato umarnin tabbatar da cewa rubutu ya zauna a faifai, kada hankalinka ya tashi a kan PostgreSQL. Tun 2019 da gangan yake faɗuwa in faifai ya kasa tabbatar masa da rubutu, sannan ya farfaɗo daga WAL, wato kundin da yake fara rubuta kowane canji a ciki. Za ka ji wasu na cewa a kashe fsync don sauri. Da wutar da muke da ita, ko kusa kada ka yi.

Shi rumbun abin da Linux ya gaya masa kaɗai ya sani. Ɗauki lokacin kuskuren ka gwada da abin da journalctl -k -b -1 ya nuna, wato rajistar kafin mutuwar na'ura, sannan ka auna lafiyar faifan da manhajar smartctl. In ya fara lissafo sassan da suka lalace, kwafi bayananka da pg_dump a daren nan. Batirin UPS ɗinku ma a gwada shi, a ga ko yana riƙewa har janareta ya kama.