Motocin lantarki: kasuwarsu ta faɗi ne ko ta bunƙasa?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina bibiyar labaran motocin nan da ake jona wa wuta a yi musu caji, amma kullum sai na ƙara rikicewa. Yau in karanta cewa zamanin fetur ya ƙare, gobe in karanta cewa mutane sun juya wa motocin lantarki baya. Wasu ƙungiyoyi sun dage da kiran jama'a su saya don ceton muhalli, wasu kuma na cewa haƙar ma'adinan batirinsu ya fi hayaƙin fetur ɓarna. Wanne ne gaskiya? Kuma masu wannan fafutika, tsakani da Allah suke yi ko kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu?

Amsa

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa mai tambaya. Labaran biyu da suka ruɗa ka za su iya zama gaskiya a rana guda, domin ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba, kuma ba ƙasa ɗaya suke kallo ba. Idan duniya baki ɗaya ake magana, alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya, wato IEA, ba su bar wurin jayayya ba: a shekarar 2020 an sayar da motocin da ake yi wa caji kimanin miliyan 3, a 2023 suka kai wajen miliyan 14, a 2024 kuma suka haura miliyan 17, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar da aka sayar a duniya. Sai dai fiye da miliyan 11 daga cikinsu a ƙasar Sin kaɗai aka sayar, inda suka kusan kai rabin sababbin motoci, saboda haka wanda ke rubutu daga Shanghai da wanda ke rubutu daga wani gari a tsakiyar Amurka ba za su ba ka labari iri ɗaya ba, ko da kuwa babu maƙaryaci a cikinsu.

Abu na farko da ya kamata ka tambayi kowane labari shi ne wace irin mota yake nufi, domin sunan motar lantarki ya haɗa iri uku. Akwai wadda batiri kaɗai ke tafiyar da ita, ba ta da tankin mai ko salansa. Akwai ruwa-biyu mai soket, wadda ke da injin fetur da kuma matsakaicin batiri da ake yi wa caji, ta yi tafiyar wasu gomman kilomitoci da wuta sannan injin ya karɓa. Akwai kuma ruwa-biyu marar soket, wadda duk ƙarfinta daga fetur yake fitowa, batirin nata taimakon injin kawai yake yi. Alƙaluman IEA sun haɗa biyun farko, ba su sa ta uku ba. Dubi yadda wannan ke sauya kanun labarai: a 2024 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya sayar da motoci masu caji sama da miliyan 4.2, Tesla kuma kimanin miliyan 1.79, sai aka yi ta cewa BYD ya yi wa Tesla fintinkau. Amma fiye da rabin motocin BYD ruwa-biyu ne, kuma idan masu batiri zalla aka ƙirga, nasa kimanin miliyan 1.76 ne, wato a wannan shekarar Tesla na gaba da ɗan kaɗan.

Abu na biyu shi ne bambancin sababbin motocin da aka sayar da kuma motocin da ke kan titi, kuma a nan ne masu cewa fetur ya mutu suke yin azarɓaɓi. Mota tana shekara goma sha biyar ko fiye tana aiki, tana sauya hannu daga mai gida zuwa wani, har ta tsallaka iyaka zuwa wata ƙasa. A ƙasar Norwe, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin 2024 masu batiri zalla ne, sai a watan Satumban wannan shekarar ne yawan motocin lantarki da ke kan titi ya wuce na masu fetur, da ratar da ba ta kai mota ɗari biyar ba, alhali masu shan dizal suna nan kusan miliyan guda. A duniya kuwa, motocin da ake yi wa caji ba su wuce kimanin kashi 4 cikin ɗari na ƙananan motocin da ke yawo ba a ƙarshen 2024. Gidajen mai suna da sauran shekaru masu yawa a gaba.

Labarin faɗuwar kasuwa shi ma ba ƙage ba ne, ruwa ba ya tsami banza. A watan Disamban 2023 gwamnatin Jamus ta dakatar da tallafin da take bai wa masu sayen motar lantarki kwatsam, bayan wani hukuncin kotun tsarin mulki ya bar wa kasafin kuɗinta wagegen giɓi, kuma a shekarar da ta biyo baya cinikin masu batiri zalla ya sauko daga kimanin 524,000 zuwa kimanin 381,000, wato ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. A Amurka ma rangwamen haraji na dala 7,500 da ake yi wa mai sayen sabuwar motar lantarki ya ƙare a ranar 30 ga Satumban 2025. Duk inda aka janye tallafi haka, za ka ga mutane sun yi rububin saya kafin wa'adi ya cika, daga baya kasuwa ta yi sanyi, kuma ɗan jaridar da ya kwatanta watan rububi da watan sanyi zai samu kanun labari mai tayar da hankali. Ka kuma lura da wata dabara ta daban: sau da yawa abin da ake kira faɗuwa raguwar saurin ƙaruwa ne kawai, ciniki ya ƙaru amma bai kai yadda kamfanoni suka yi hasashe ba.

Batun masu fafutika ya fi fitowa fili a tarihin Norwe, kuma ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A 1989 Frederic Hauge, jagoran ƙungiyar kare muhalli ta Bellona, tare da wani shahararren mawaƙin ƙasar, suka shigo da wata 'yar ƙaramar Fiat Panda da aka cire wa inji aka sa mata batiri. Suka riƙa ratsa shingayen karɓar kuɗin hanya na birnin Oslo ba tare da sun biya ba, aka ci su tara suka ƙi biya, hukuma ta ƙwace motar ta yi gwanjonta, suka sake saye suka koma kan titi, aka sake ƙwacewa, 'yan jarida kuma suna biye da su. Hujjarsu ita ce motar da ba ta fitar da hayaƙi bai kamata a ɗora mata nauyin da aka ɗora wa mai hayaƙi ba. A 1990 aka cire wa motocin lantarki harajin saye, a 1997 aka yafe musu kuɗin hanya, a 2001 aka cire musu harajin VAT, daga baya aka ba su damar bin layin motocin bas. Abin lura a nan shi ne cewa fafutikar ba ta yi nasara ta hanyar wa'azi ga masu saye ba. Dokar haraji ta sauya, har motar lantarki ta zama ta fi araha a ƙasar da motar fetur ke da tsadar gaske, sannan jama'a suka bi aljihunsu. Kuma kada a manta cewa Norwe ƙasa ce mai arzikin man fetur da iskar gas da take sayar wa duniya, wutarta kuma kusan duka daga madatsun ruwa take, don haka ba kowace ƙasa ce za ta iya ɗaukar wannan asarar haraji ba. Ita kanta daga 2023 ta fara maido da VAT a kan motoci masu tsada.

A Amurka fafutikar ma da kamfanin mota ta fara faɗa. General Motors ya ƙera motar EV1 daga 1996 zuwa 1999 saboda dokar jihar Kalifoniya ta 1990 da ta tilasta wa manyan kamfanoni sayar da motoci marasa hayaƙi, ya bayar da ita haya, daga baya ya karɓe motocin ya murƙushe mafi yawansu duk da roƙon masu tuƙa su, kuma daga cikin waɗannan fusatattun direbobi ne ƙungiyar Plug In America ta samo asali. Saboda haka ba adalci ba ne a ce dukkan masu kiran nan 'yan amshin shatan kamfanoni ne. Amma kuma ba gaskiya ba ne a ce babu kuɗi a cikin maganar, domin masu ƙera batiri da masu sayar da wuta da masu kafa tashoshin caji duk suna da riba idan ka saya, kamar yadda masu haƙar mai da masu ƙera injina ke da riba idan ka fasa. Harajin kashi 100 cikin ɗari da Amurka ta ɗora wa motocin lantarki na ƙasar Sin a 2024, da ƙarin harajin da Tarayyar Turai ta sa musu a watan Oktoban shekarar, sun nuna cewa rigimar masana'antu da ayyukan yi ce ke ƙarƙashin yawancin abin da ake faɗa da sunan muhalli. Ni dai ma'aunina ɗaya ne: wanda ya faɗi inda ya samo alƙalumansa, kuma ya yarda ya ambaci aibin abin da yake tallatawa, shi nake saurara.

Game da muhalli, kowane ɓangare yana riƙe da rabin magana. Gaskiya ne motar lantarki tana fitowa daga masana'anta da bashin hayaƙi wanda ya fi na motar fetur, saboda ƙera batiri yana cin makamashi mai yawa. Amma tana biyan bashin a kan hanya, domin injin fetur yana zubar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari kawai ke isa ga tayoyi, yayin da motar lantarki ke kai fiye da kashi 77 na wutar da ta sha. A 2021 cibiyar bincike ta ICCT ta yi lissafin rayuwar mota tun daga ma'adini har zuwa ranar da za a yar da ita, ta gano cewa matsakaiciyar mota mai batiri ta gaza ta fetur fitar da iskar da ke ɗumama duniya da kashi 66 zuwa 69 cikin ɗari a Turai, 37 zuwa 45 a ƙasar Sin, 19 zuwa 34 kacal a Indiya, inda kwal ne ke samar da yawancin wuta. Ke nan tsaftar motar tana bin tsaftar tashar da ke ba ta wuta, kuma wanda zai riƙa yi mata caji da janareto mai shan dizal ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Ƙorafin ma'adinai shi ma yana da tushe. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfen kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma an tabbatar da aikin yara da ramuka masu haɗari a wuraren haƙar gargajiya a can. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa batirin da ake kira LFP, wanda ba ya buƙatar kobalt ko nikel, ya bazu, ga shi kuma ya fi araha. Shi ma fetur haƙo shi ake yi, kuma da zarar an ƙona shi ya tafi ke nan, alhali ma'adinin batiri ana iya narkar da shi a sake amfani da shi.

Inda nake ganin masu talla suka fi yaudarar mutane shi ne ruwa-biyu mai soket. A takarda hayaƙinta ɗan kaɗan ne, domin gwajin ya ɗauka cewa mai ita zai riƙa yi mata caji kullum. Da Hukumar Tarayyar Turai ta tattara bayanan da na'urorin cikin motocin suka naɗa, sai ta sanar a 2024 cewa hayaƙin da suke fitarwa a zahiri ya ninka na gwaji sau uku da rabi, saboda da yawa daga masu su ba sa jona su da wuta, suna yawo ne da fetur suna jan nauyin batiri a banza.

Wa'adin da gwamnatoci ke sawa kada ka ɗauke shi kamar yankan wuƙa. Birtaniya ta ce 2030 za ta hana sayar da sababbin motocin fetur da dizal, a 2023 firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya ɗaga zuwa 2035, gwamnatin da ta gaje shi ta maido da 2030. Habasha kuwa ba ta jira wani wa'adi ba, a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin da ba na lantarki ba, don rage kuɗin waje da take kashewa wajen sayen mai alhali tana da wutar madatsun ruwa. Abin da bai yi ta kai-komo ba shi ne farashin batiri, wanda ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010, har ya kai kimanin dala 115 kan kowace kilowat-awa, wato yunit guda na wuta, a 2024, kuma shi ne ya fi cancantar ka sa wa ido.

Idan kuma tambayar taka share fage ce ta saye, to lissafin ya koma kan inda motar za ta riƙa kwana. Matsakaiciyar mota tana shan kilowat-awa 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, wato abin da mitar gida ke ƙirgawa yunit-yunit, don haka mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar wajen yunit 7, abin da na'urar cajin gida mai ƙarfin kilowat 7 za ta mayar cikin awa guda, soket na yau da kullum kuma cikin awa uku zuwa huɗu. Wanda ke da wurin ajiye mota da tsayayyiyar wuta da dare, kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu, ga shi ba sauyin baƙin mai, kuma yawancin kamfanoni na bai wa batirin garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Wanda kuwa zai dogara da tashoshin caji mai sauri kaɗai, ya sani cewa wutarsu ta fi ta gida tsada sosai, kuma kai batiri daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari yana ɗaukar wajen rabin awa a yawancin motoci, ban da jiran layi idan ya tarar da wasu a gabansa.