Ku Tambaya Mu Amsa: Wace Ma'ajiya Ta Dace da Tarin Waƙoƙin Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da faifan CD kusan 900 da nake kwafewa zuwa FLAC (tsarin fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci), ga tsofaffin kaset na makaɗan gargajiya da tafsirin azumi da na mayar MP3. Duk suna warwatse a laftof da filashi. An ba ni shawarar sayen NAS don kowa a gida ya ji daga wayarsa. Wane iri zan nema? — Mai karatu, Agege

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. NAS ƙaramin akwati ne mai ramukan hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli), ana jona shi ta kebul da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi), duk na'urar da ke kan Wi-Fi na gidan ta iya ɗauko abin da ke ciki. Fara da lissafi kafin ka nufi Computer Village a Ikeja. Faifan CD ɗaya a FLAC yakan ci megabait 300 zuwa 400, don haka faifai 900 ba za su wuce gigabait 360 ba. MP3 mafi nauyi, mai 320kbps, megabait 2.4 ne a minti ɗaya. Ko ka tara tafsirin shekaru goma a kai, terabait 2 zai ɗauke ka, 4 kuma ya ba ka sarari na dogon lokaci.

Akwati mai rami biyu ya isa, irin Synology DS223 ko takwaransa na QNAP. Kada mai shago ya ja ka zuwa mai rami huɗu da babban furosesa, wannan na masu fina-finai ne. Waƙar FLAC ɗaya megabit ɗaya kacal take ja a daƙiƙa, wayar Cat6 da ake jona shi da rauta kuwa tana ɗaukar 1,000. Kuɗin da ka rage a nan, ka kai su wajen hadis da wuta.

Hadis ka sayi guda biyu masu girma ɗaya, waɗanda aka ƙera don aiki dare da rana: Seagate IronWolf ko WD Red Plus. Lura da kalmar Plus ɗin. A 2020 aka gano wasu WD Red na amfani da tsarin rubutu na SMR, wanda ke jan ƙafa sosai idan ana sake cika hadis bayan ɗaya ya mutu. Masu Plus na tsarin CMR ne, wanda ba shi da wannan matsala. In dole sai na hannu, sa a jona shi da kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ka duba awoyin da ya yi yana aiki da layin Reallocated Sectors. In layin nan ba sifili ba ne, bar musu kayansu. Mu dai ba ma son na hannu a wannan aiki.

Ka saita su a RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan. Biyu masu terabait 4 za su ba ka 4 ne, ba 8 ba. Amma wannan kariya ce daga mutuwar hadis kawai. In yaro ya goge fayil, ya gogu a duka biyun; in tsawa ko ruwan sama ya shiga ɗakin, duka sun tafi. Sayi hadis na uku na USB, ka kwafe komai sau ɗaya a wata, ka ajiye shi a shago ko gidan ɗan'uwa. CD ana iya sake kwafewa, kaset ɗin da ya riga ya cinye kuwa babu inda za ka samo shi.

TAMBAYA: A unguwarmu ana ɗauke wuta sau da yawa a rana, muna komawa janareta. Hakan ba zai lalata shi ba? — Mai karatu, Idi-Araba

AMSA: Zai iya lalata shi, Hajiya. In wuta ta yanke ana tsakar rubutu, fayil kan lalace, yawan kashewa da kunnawa kuma yana gajiyar da hadis. Ki haɗa shi da UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke) mai ramin USB, ki duba sunansa a jerin waɗanda kamfanin NAS ɗin ya amince da su. Wayar USB ɗin ce ke sanar da akwatin cewa wuta ta tafi, sai ki saita ya rufe kansa bayan minti biyar. Mai rami biyu wat 15 zuwa 20 yake ci, don haka UPS mai 650VA ya ishe shi har da rauta. Wasu ƙananan UPS ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta saboda rawar da take yi, sai su yi ta kuka suna cin batir. In akwai inbata a gidan, can ya fi dacewa ki jona.

Sai zafi da laima. Kada ki kulle shi a durowar talabijin. Ki ɗora shi a kan kanta inda iska ke ratsawa, nesa da taga, ba a ƙasa ba saboda ambaliyar damina. Zafin hadis in ya zauna ƙasa da digiri 45 babu damuwa. Lokacin hunturu ki goge ƙurar fanka.

TAMBAYA: Ina yawan tafiya Kano. Zan iya sauraro daga can? Kuma me ya sa sunayen waƙoƙina ke fitowa a hargitse? — Mai karatu, Mile 12

AMSA: Za ka iya. Sa manhajar sauraro irin Plex, Jellyfin ko Navidrome a kan akwatin, ko Audio Station in Synology ne. Kada ka buɗe ƙofar rauta kai tsaye ga intanet: ta irin wannan hanya ce cutar kwamfuta mai suna DeadBolt ta kulle fayilolin masu QNAP a 2022 aka nemi kuɗin fansa. Don isa ga akwatin daga nesa, yi amfani da manhajar Tailscale ko QuickConnect na Synology, ka canza kalmar sirri ta asali. A hanya ka sa manhajar ta rage FLAC zuwa 128kbps, in ba haka ba awa ɗaya za ta cinye maka kusan megabait 400 na data.

Hargitsin suna kuwa daga bayanan da ke cikin fayil ne, domin manhaja su take karantawa, ba sunan folda ba. Manhajar MusicBrainz Picard za ta gyara na faifan ƙasashen waje da kanta. Na kaset ɗin Hausa sai da hannu a manhajar Mp3tag: sunan mawaƙi, kundi, shekara. Ka tsayar da rubutu ɗaya ga kowane mawaƙi, domin Dan da Ɗan mutum biyu ne a wurin manhaja, kuma ka adana a tsarin Unicode don ƙ, ɗ da ɓ su fito daidai.