Amsa: a.m. a katin ɗaurin aure

Malam, ka tambaya ko kowane harshe a.m. yake rubutawa, kuma ko za ka sa shi a katin ɗaurin aurenku a Gombe. Ba kowane ba ne. Asalinsa Latin ne, ante meridiem, wato kafin rana ta take tsaka. Larabawa harafin ص suke sawa, daga kalmar sabahan, wato da safe. Faransa da Jamus sun fi bin lissafin awa 24. Masu Swahili kuwa daga wayewar gari suke fara ƙirga, bakwai ɗinmu na safe ƙarfe ɗaya ne a wurinsu.

Inda ake tafka kuskure shi ne sha biyu: 12 a.m. tsakar dare ne, ba rana ba. Don Allah ka rubuta "ƙarfe 11 na safe" cikakke, kada dattawa su rasa fatiha.