Kwana huɗu a birnin Rum da uwargida: ta ina za a fara?

Malam, ka ce kai da uwargida kuna son ganin tsofaffin majami'u, gidajen tarihi da kufai cikin kwana huɗu. Zai yiwu, amma kada ku cika jadawali.

Ku fara da Kolosiyam, tsohon filin wasannin Rumawa, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Tikitinsa ya haɗa da dandalin Forum da tudun Palatin, kuma su ukun kaɗai sun isa su cinye muku yini. Ku saya ta intanet tun kafin tafiya, ku fita da sassafe, domin inuwa ba ta da yawa a wurin.

Fadar Batikan ma yini guda ce. Shiga majami'ar Saint Peter kyauta ne, sai dai dole a rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma layin bincike kan yi tsawo. Gidajen tarihin Batikan a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta. Ni ban ba ku shawarar ranar ba, cunkoson ya yi yawa.

Pompeii kuwa, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, ba a Rum take ba, tana kusa da birnin Naples. Idan ƙafa ta gaji, ku bar ta sai wani zuwan.