Wai mene ne aliquote ɗin nan da ake ta faɗa a labo?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce nan Damagaram, shekarata ta farko a karatun aikin labo. Kullum sai a ce mana ku ɗauki aliquote, ku raba jini aliquote-aliquote, ni na ɗauka wani ma'auni ne kamar mililita amma na duba jikin pipet, bututun nan da muke auna ruwa da shi, ban gan shi ba. Don Allah mece ce ma'anarsa, kuma daga wane yare ya fito?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki huta da duba jikin pipet, ba za ki same shi can ba. Aliquote kaso ne da kika auna kika ɗiba daga cikin abu mai yawa, kin san daidai nawa kika ɗiba kuma kin san nawa ne duka, ko mililita 1 ne ko 25.

Kalmar ta Latin ce, yaren Rumawan da. Asalinta aliquot, an haɗa ali daga alius wato "wani", da quot wato "nawa". In Barume ya ce aliquot dies yana nufin ƴan kwanaki, kamar yadda mu muke cewa kwana kaza ba tare da mun ƙirga ba. Abin dariyar kenan, kalmar da aka yi ta don abin da ba a ƙidaya ba yau ita ce ake kiran abin da aka auna har ɗigo. Wannan quot ɗin shi ne dai a cikin quotient da kika sha ji a lakkwal wajen rabawa, da kuma quota.

Masu lissafi ne suka fara ɗaure ta. A wajensu partie aliquote, kamar yadda ake cewa da Faransanci, ita ce lambar da ke raba wata ba saura. Ki je kasuwar Dole ki samu buhun hatsi mai tiya 40, in aka raba shi tiya takwas-takwas mutum 5 kowa ya ɗau nasa buhu ya ƙare tas, to 8 aliquote ce ta 40. In kuwa bakwai-bakwai aka yi sai tiya 5 ta rage ana kallon juna, irin wannan sunanta aliquante. Har wasa suke da abin, 6 tana rabuwa da 1 da 2 da 3, in kika tara su kuma 6 ɗin za ki samu, haka 28, su ake kira cikakkun lambobi.

Mu ƴan labo mun sassauta, ba dole sai ta raba ba saura, amma akwai sharaɗin da ba ma ɗaga ƙafa a kai, dole abin da kika ɗiba ya zama irin na cikin kwalbar sak. Kin san fura in ta jima a ƙwarya, ki kamfato sama da ludayi ba ki dama ba tsululu za ki sha, garin yana can ƙasa kwance. Jini ma haka yake in ya zauna a tib, ƙwayoyin su sauka ruwan ya tsaya sama, shi ya sa ake juya tib a hankali kafin a ɗiba, juyawa fa ba jijjiga ba don kar jajayen ƙwayoyin su fashe. In kin gauraya da kyau lissafin ba wuya, ruwa mililita 100 kika ɗibi 10 kika samu miligiram 2 na gishiri, kin san duka akwai 20.

Ɗayan amfanin shi ne ajiya. Serum, wato ruwan da ke saura bayan jini ya yi guda, in ana daskarar da shi ana narkarwa, ana maidawa ana fiddowa, wasu sinadaran cikinsa lalacewa suke. Ni da kaina na taɓa barin na wani aiki a tib guda don ƙyuya, na narkar da shi sau huɗu, ga kuran da ke tafiya lokacin zafi, sakamakon ƙarshe bai yi kama da na farko ba sai da aka sake kiran mutane ɗibar jini. Tun ranar farko ki raba shi ƙananan tib, ki rubuta lamba da kwanan wata da yawan da ke ciki da alƙalamin da ba ya gogewa, ki sa a kongelater mai sanyin digiri -20, duk ranar aiki ki fiddo guda ɗaya ki bar sauran.