Zan sayi doki don hawan Sallah, me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in sayi dokina na farko don hawan Sallah. Wani dillali ya turo mini hoton wani kili ta WhatsApp, ya ce shekararsa biyar, in tura kafin alƙalami. In tura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka tura ko sisi. Wannan cinikin biri a sama ne. Hoto launi kawai yake nunawa, kuma kili da akawal da hurde duk ado ne na ido. Ka je ka ga dokin da kanka, ka tafi da wanda ya daɗe a barga.

Fara da baki, don haƙori ba ya yi wa dillali kara. Doki yana sake haƙoran gaba na tsakiya yana da kamar shekara biyu da rabi, na gefensu a uku da rabi, na ƙarshe a huɗu da rabi. In ya cika biyar, duk haƙoran nono sun zube, ingarma kuma fiƙarsa ta fito. Sai ka ɗaga leɓen sama ka dubi haƙorin gaba na can gefe. In ka ga wani tsagi mai duhu ya faro daga dasashi, dokin ya kai goma. In tsagin ya sauko rabin haƙori, yana wajen sha biyar, ko da dillali ya rantse. Tunda bakin yana buɗe, dubi dasashin. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, sau da yawa kuma cutar kaska ce ko sammore ko tsutsar ciki.

Daga nan sai ƙafa. A ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ba cikin yashi ba, ya tafi ya dawo yana fuskantarka. Dokin da ƙafar gaba ke masa ciwo yana ɗaga kai duk lokacin da ta taka. Shafa kowace ƙafa daga gwiwa zuwa kofato, ka ji ko akwai zafi ko kumburi, ka ɗaga kofaton ka shinshina ka ji ko yana wari. Akwai masu yi wa doki allurar kashe zafi ranar kasuwa, shi ya sa na fi son ka sake ganinsa washegari da sassafe, kafin mai shi ya shirya maka.

Abin da masu sayen farko suka fi mantawa shi ne hali. Filin hawa akwai bindiga da kakaki da tambura da cunkoson jama'a. A ɗaura masa sirdi a gabanka, ka dubi bayansa ko akwai tsohon miki, wani ya hau, a buga ganga ko kwano kusa da shi. Wanda ya zabura a nan, ranar hawa sai ya kayar da kai a ƙofar fada.

Maganar kuɗi kuwa, gab da Sallah doki tsada yake yi. In kana da hali, leƙa Maigatari ranar Alhamis ko Mai'aduwa ranar Lahadi tun da sauran wata biyu ko uku, ka ji yadda ake tayawa ko da ba a can za ka saya ba. Ku yanke la'ada tun kafin a sallama, a yi takarda da shaidu. In ka kawo shi gida, ka ɗaure shi a turke daban na mako biyu zuwa uku, likitan dabbobi ya duba shi kafin ya haɗa wurin shan ruwa da sauran dawaki.